Kujera Bakwai, Mu Kuwa Mu Goma



Yau shekara 20 ke nan da na fito daga makarantar horar da malamai, kuma duk tsawon shekarun nan abin hawana bai taɓa wuce ƙafa biyu ba. Da keke na fara a ƙauyen da aka soma tura ni, daga baya Allah ya hore mini moto. Ban taɓa jin kunyar haka ba, domin yawancinmu a kan moto muke zuwa aiki, a kanta muke ɗauko buhun hatsi, a kanta muke kai yara uku lekol, ɗaya a gaba biyu a baya. Abin da ya sa na fara tunanin mota wani dare ne cikin daminar 2023. Wajen ƙarfe biyu hawan jinin Inna ya tashi, ana ruwa, babu adaidaita ko ɗaya a titi, maƙwabcinmu mai mota kuma ya yi tafiya. Haka muka ɗora ta a moto, ina tuƙi, babban ɗana yana riƙe da ita ta baya, muka ratsa ruwan unguwa har likita. Allah ya ba ta lafiya. Da muka dawo gida maiɗakina ta ce mini, "Malam, ko mi za a saida a saida. Tsohuwar nan ba ta sake hawan moto da dare."

Kafin in shiga zancen mota bari in ƙidaya muku gidana, don a ƙidayar nan matsalar take. Akwai ni, da maiɗakina, da Inna, da ƴaƴanmu biyar. Sai ƴaƴa biyu na wana da ya rasu shekara shida da suka wuce, namiji da mace, waɗanda na ɗauko daga ƙauye don su yi karatu a nan Maraɗi. Mu goma ke nan muke cin tukunya ɗaya. Babban wanmu, wanda nake kira Yaya, shi yana ƙauye, arewa da Maraɗi, ana sauka daga kwaltar Dakoro a shiga yashi.

Tara kuɗin ya ci mu fiye da shekara. Maiɗakina tana cikin asusun mata, irin wanda aka fara a jihar nan tamu a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, ta kawo rabonta gaba ɗaya ta ajiye. Na sayar da bijimai biyu da Yaya yake yi mini kiwo. Sauran na ci bashin banki, ana cira daga albashina har shekara huɗu. Lokacin ma bai taimake mu ba. A da motocin da muke kira ƴan Kwatano ta Malanville da Gaya suke shigowa. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai dai su zagayo ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, farashi ya bi ta. Na gane da wuri cewa kuɗina ba zai kai ga wadda ta sauko daga jirgin ruwa ba, sai dai wadda wani ya riga ya mora a nan cikin ƙasa.

Motoci iri biyu ne a gabana. Ta farko ƙaramar motar iyali mai kujera bakwai, irin su Toyota Picnic, ko ƙanwarta Avensis Verso da ta maye gurbinta a 2001, ko Sharan ɗin da ta cika hanyar Katsina zuwa Kano, ko Sienna ta Amurka. Ta biyu babbar bas, wato Toyota Hiace, wadda kowa ya sani a tasha. Abin mamaki, tsohuwar Hiace da ta sha aiki da Picnic mai sauran lafiya, farashinsu bai yi nisa da juna ba. Da a ce ɗaya ta fi ƙarfina, da aljihu ya yanke mini hukunci na huta.

Da labari ya kai ƙauye, Yaya ya yo takakka har gida. Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ce, "Mushe, na ji kana son sayen mota mai wuri bakwai. Ku nawa ne cikin gidan ga?" Na ce mu goma ne. Ya ce, "To su wa za ka bari?" Ban ba shi amsa ba. Ya ci gaba, ya ce in sayi Hiace. Ranar da iyali ke bukata ta kwashe kowa har da mutanen ƙauye. Sauran ranaku kuma ɗansa na fari, wanda ya yi shekara huɗu yana aparanti a tasha, ya riƙa jan ta, musamman Litinin da Juma'a da kasuwar Maraɗi ke ci. Mota ta biya bashinta da kanta, yaro ya samu sana'a. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Yaron nan shina zancen tahiya Libiya. In ya samu mota ya zamna."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar Yaya ta shige ni. Babu ƙarya a cikinta ko ɗaya. Kuma shi ne ya yi noma ya ciyar da gida lokacin da nake makaranta.

Na ce ya ba ni lokaci. Wurin farko da na nufa garajin wani tsohon makanike ne wanda na karantar da ƴaƴansa uku. Ya ajiye sifana ya zagaya da ni. Ya ce Hiace jaka ce ta aiki, tun 1967 ake ƙera ta, kayan gyaranta kuma ko nan babu, ana samowa a Ƙofar Ruwa ta Kano cikin kwana biyu. Amma ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Injinta a ƙarƙashin kujerar gaba yake, ba ta da dogon hanci, saboda haka in aka yi karo gaba da gaba ƙafafun direba da na wanda ke kusa da shi ne a bakin ƙarfe. Ya ce da yawa daga cikin waɗanda ke tasha a matsayin motar kaya suka shigo ƙasa, a nan aka yanka musu tagogi, mai walda ya jera benci har wuri 19, babu ɗamara ko ɗaya a baya. Ya buɗe mini ƙofar wata ya ce in taka in hau. Da na ɗaga ƙafa sai na tuna gwiwoyin Inna.

Bai bar ƙananan ba su ma. Ya ce Sienna daɗin zama gare ta, amma injinta mai silinda shida ne, tana shan esansi kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Picnic kuwa tun 2001 aka daina kawo sabuwarta Turai, don haka duk wadda zan gani ta haura shekara 20. Cikinta a ƙasa yake, tayoyin gaba ne ke jan ta, in na cika ta na shiga yashin ƙauyenmu sai na rage iskar taya, in riƙa tafiya da shebur. Na ce to ai Hiace ta fi a yashi ke nan. Ya yi dariya ya ce tayoyin baya ne ke tura ta, in babu kaya bayanta ba nauyi, nan take take tona wa kanta rami. Ya ce, "Mushe, yashin garinku Hilux yake so, kai kuma ba ka da kuɗin Hilux. Ka zaɓi wadda mutum huɗu za su iya turawa."

Sai maganar takardu. Permi na B, wanda na yi shekara takwas da suka wuce ina ajiye da shi a akwati, iyakarsa mota mai wuri tara har da direba. Abin da ya wuce haka sai permi na D, na masu jigilar mutane. Wani abokina ya ce in cire benci biyu in huta. Amma jandarma ba benci yake ƙidayawa ba, abin da aka rubuta a kart giriz yake dubawa, asiransi ma da shi take aiki. Ma'ana, in na sayi Hiace, motar da na ci bashi dominta ba ni da izinin tuƙa ta sai na koma na yi wani permi. In kuma tana hannun ɗan Yaya, to daren da ciwon Inna zai sake tashi motar tana iya kasancewa a Tasawa ko Zinder tana jiran lodi. Ga ni nan a moto kamar jiya, da bashin banki a wuya.

Akwai wani abu da na yi tun washegarin daren nan na damina, wanda halin malanta ne ya sa ni. Na ɗauki sabon kaye na ja layi, duk ranar da gidanmu ya bukaci mota in rubuta kwanan wata, da inda za a je, da mutum nawa. Da shekara ta zagayo na zauna na tattara kamar ina haɗa sakamakon ƙarshen zango. Sau 58 muka bukaci mota. A cikin 51 daga ciki, masu tafiya ba su wuce bakwai ba, galibi ma uku ne ko huɗu: kai Inna awon jini, kai yara lekol ranar ruwa, ɗauko hatsi, kai maiɗakina barka ko gaisuwa. Sau bakwai ne kaɗai muka wuce haka, wato salloli biyu, biki biyu, suna ɗaya, ta'aziyya biyu.

Na haɗa da lissafin mai. A watan Yuli na 2024 litar esansi ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Maraɗi zuwa Zinder da dawowa kusan kilomita 480 ne. Makanikena ya ce in ɗauka tsohuwar Picnic za ta sha lita 10 a kilomita 100, tsohuwar Hiace mai gazuwal kuma lita 11. Ta farko ke nan lita 48, kusan jikka 24. Ta biyu kusan lita 53, wajen jikka 33. In Hiace ta ɗauki mutum 15, kowane kai ya tashi a jikka biyu da ƴan kai, alhali a Picnic mai mutum bakwai kowane kai ya kusa jikka uku da rabi. A nan Yaya ya yi gaskiya, babbar mota in ta cika ta fi araha. Sai dai kayena ya nuna mini cewa a gidana sau bakwai kawai za ta cika a shekara. Sauran ranakun zan riƙa biyan mai da taya da asiransi da binyat na kujerun da babu kowa a kansu, sai fa in ta shiga tasha.

Shigarta tashar kuwa shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, kuma ku malamai kun san dalili. Na zauna da abokin aiki da ya sayi motar haya da kyakkyawar niyya. Bayan wata shida wayarsa ba ta yin shiru a aji. Yau taya ta fashe a hanya, gobe an kama direba da lodi fiye da ƙa'ida, jibi kuɗin da aka kawo bai cika ba. Yana rubutu a allo ya ajiye alli ya fita, yara 70 su zauna suna kallon ƙofa. Mutumin kirki ne, kuma gwanin koyar da lissafi, amma ba a tauna taura biyu. Ranakun da Yaya ya ambata, Litinin da Juma'a, dukansu ranakun aji ne. Na san kaina, in dukiyar da na ci bashi dominta tana kan hanya da rayuka 18 a ciki, jikina ne kawai zai kasance gaban ƴan CM2. Ga kuma abin da ban iya faɗa wa Yaya ba: ranar da lissafin mota ya ƙi daidaita tsakanina da ɗansa, ba direba zan kora ba, zumunta zan taɓa.

A watan Nuwamba na 2024 na sayi Picnic. Na je ƙauye da kaina na gaya wa Yaya, ban aika ba. Na kai masa kayen na buɗe. Bai duba ba. Ya ce, "Ku masu boko komi sai kun rubuta. Allah shi sa alheri." Na san ma'anar irin wannan addu'a. Shirina shi ne, a ranaku bakwai ɗin nan da muka fi ƙarfin motar, in ɗauki shatar wata ƙarama ta bi mu, wanda ko an haɗa kuɗinsa na shekara bai kai abin da Hiace za ta ci ba. A takarda komai ya zauna daidai.

Sai ƙaramar sallar 2025 ta zo. Za ku tuna a watan Maris ɗin nan esansi ya yi wuya a ƙasa, ana wuni a layi. Na samu abin da zai kai mu ƙauye ya dawo da mu sau ɗaya tak. Mutumin da muka yi alkawari da shi zai bi mu da motarsa ya kira da asuba ya ce bai samu mai ba. Yara duk sun yi wanka sun sa kayan salla, sun riga sun cusa kansu cikin mota, wasu a kan cinyar wasu, suna ta dariya. Na ce a'a, ba za a yi haka ba. Kullum ina gaya wa ƴan ajina illar lodin da ya wuce ƙa'ida, ba zan hau kwaltar Dakoro da yara a kan cinya ba. Ni da Inna da maiɗakina mun ci kujera uku, saura huɗu, yara kuwa bakwai ne. Dole uku su sauka.

Ban rufe baki ba sai ɗan marigayi wana, mai shekara 14, ya buɗe ƙofa ya sauka, ya kamo hannun ƙanwarsa ya sauko da ita. Ya ce, "Baba, mu mu tsaya mu yi tsaron gida." Babu fushi a fuskarsa, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Yaron nan bai jira an ce masa komai ba, domin ya daɗe da yin nasa lissafin. Tun ranar da motar ta shigo gida ya ƙidaya kujeru, ya ƙidaya mu, ya san su wa za su yi saura. Ni da nake taƙama da kaye da ja layi, shekara guda ina ƙidayar kawuna ban taɓa tambayar kaina kan wa ne zai fita ba. Ita ce tambayar da Yaya ya yi mini a kan tabarma na yi shiru.

Maiɗakina ce ta fitar da ni. Ta sauko, ta kira manyan ƴaƴanta uku ta ce su fito. Ta ce, "Malam, waɗannan uwarsu tana can tana jiransu, kabarin ubansu ma can yake. Nawa kuwa ga ni gabansu kullum." Ta mayar da marayun ciki da hannunta ta ɗaura musu ɗamara. Ɗiyarmu ta uku ta yi kuka har muka fita unguwa. Inna ba ta ce uffan ba sai da muka wuce Tibiri, sannan ta ce, "Auta, ka yi sa'ar mata." Mun kafe a yashi sau ɗaya, samarin ƙauye huɗu suka tura mu, kamar yadda makanike ya faɗa.

Da muka dawo na yi abin da na iya. Na samu takarda na rubuta sunayen yara bakwai bi da bi, kamar jadawalin shara da muke mannawa a bangon aji, na manna a zaure. Duk tafiyar da kujeru ba su isa ba, ana bin layi, wanda ya zauna yau shi ne farkon shiga gobe, kuma babu ruwan jadawali da ɗan wa ko ɗan ƙane. Na tara su na karanta musu, na ce ko ni aka ga na karya shi a gaya wa Inna. Yanzu su da kansu suke tsare shi, har gardama suke a kan wa ya ci bashin wa.

Ɗan Yaya ya tafi Libiya bayan sallar layya. Yana kira jefi-jefi, ya ce yana aikin gini. Duk lokacin da aka kwana biyu ba a ji shi ba, nakan kwanta ina juya maganar, in ce da na sayi Hiace da yanzu yana tasha yana kiran fasinja. Wani lokaci kuma in tuna daren watan Agusta da ya wuce, da ciwon Inna ya sake tashi, na ɗauki makulli a kan taga, cikin minti goma muna likita, ba ta jiƙe ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma ina ɗauke da su tare.

Ga ɗan uwa malami ko uba da ke gaban irin wannan zaɓi, abin da zan ce kaɗan ne. Ka rubuta tafiye-tafiyen gidanka na ƴan watanni kafin ka je wurin dillali, don abin da kake zato da abin da ke faruwa ba ɗaya ba ne. Ka duba permi ɗinka da kart giriz ɗin motar tun kafin ciniki. Ka tafi da makaniken da ka yarda da shi, ya shiga ƙarƙashinta. In babba za ka saya don haya, ka gaya wa kanka gaskiya cewa sana'a ta biyu ka buɗe, ka kuma san wanda zai tsaya a kanta lokacin da kake aji. In kuma ƙarama ce alhali gidanka ya fi ta yawa, to ka zauna da iyalinka ku yanke yadda za a riƙa shiga tun motar ba ta iso ba, musamman in akwai ɗan riƙo ko maraya a gidan. Kada ka bari yaro ya yanke wa kansa.

Watan jiya Yaya ya zo ganin likitan ido, na je tasha na ɗauko shi. Wannan ne karon farko da ya yarda ya shiga motar. Ya zauna a gaba, ya shafa kujera, ya waiwaya baya ya ƙidaya da yatsa. Ya ce, "Har yanzu dai bakwai ce." Na ce, "Bakwai ce, Yaya." Ya ce, "To ja mu tahi, rana na yi."

Saura shekara uku in gama biyan banki. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya dawo mana da na nesa lafiya. Amin.